Riƙe Min Na Sati Biyu

In ka zo Wenlow ganin tsohuwar cocinmu, a kulle za ka tarar da ƙofa. Kada ka wahalar da kanka da jijjiga ta, katakon nan ya girmi kakan kakanka kuma bai taɓa jin tsoron kowa ba. Duba hannun dama, akwai rubutu: makulli yana wurin Misis Preece, gida mai koriyar ƙofa, tsallaken hanya. Duk littafin masu yawon buɗe ido da ya ambaci yankinmu na Herefordshire haka ya rubuta, har da launin ƙofar. Shi ya sa Hilda Preece ta shekara arba'in da wani abu tana shafa wa ƙofarta koren fenti, alhali ita shuɗi take so. Ni ta faɗa wa, kanta na cikin kwano ina wanke mata gashi.

Sunana Glenys. Gyaran gashi nake yi gida-gida a 'yar motata, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san mace ba ta iya ɓoye wa mai riƙe da kanta komai. Anti Hilda nake ce mata tun ina yarinya, ko da yake ba mu haɗa jini ba, gidanmu ne na uku daga nata. Alhamis ce ranarta. Kuma wallahi ban taɓa gama mata gashi a zama ɗaya ba, ko sau ɗaya. Ina tsakiyar naɗe shi za a ƙwanƙwasa, ta yi wuf ta miƙe da tawul a wuya, ruwa na ɗiga, ta je ta yi wa baƙi murmushi kamar tun safe su take jira.

Cocin an daina ibada a cikinta tun da daɗewa, sai sau ɗaya a shekara lokacin kaka. Abin da ke kawo mutane zanen bango ne, na ranar hisabi, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin farar ƙasa kafin damshi ya ɓamɓaro ta ya tona shi. Ga matattu na fitowa daga kaburbura tsirara, ga shaiɗanu na jan wasu da sarƙa, har da wata mai sayar da giya da ta saba tauye mudu. Can sama kuma Manzo Bitrus ne tsaye a ƙofar aljanna, riƙe da ƙaton makulli. Mu mutanen gari mun daina ganinsa. Amma wasu sai su tuƙo mota tun daga London, su tsaya baki buɗe, su fito suna rawar sanyi su tambayi inda ake sayar da shayi. Babu inda ake sayarwa, don haka Anti Hilda ce ke dafa musu.

Yadda makullin ya faɗo hannunta kuwa, tana amarya ne, ko shekara ba ta yi da auren Cyril ba. Wani tsoho Mista Bufton ne ke riƙe da shi a lokacin. Wata safiya ya zo da shi, ɗaure da muciyar da matarsa marigayiya ke juya tuffa in tana dafawa, don kada baƙo ya manta ya jefa a aljihu. Ya cire hula ya ce, “Hilda 'yata, riƙe min wannan na sati biyu. Zan je Worcester a duba min ƙafa.”

Ta ce, “Ai ba komai, Mista Bufton. Allah ya ba da lafiya.”

Lafiya kam ta samu. Bayan shekaru mahaifina ya hango shi a Worcester, bakin kogi, ya yi ƙiba ya yi ja, yana watsa wa agwagi burodi. Yana ganin ɗan Wenlow ya ja hularsa ƙasa ya tsallake titi.

Ba shi ya fara ba. Shi ma haka wata malamar makaranta ta yi masa, ita ma haka aka yi mata. A Wenlow ba a naɗa mai riƙe makulli, ba a kuma sauke shi. Babu mai buɗe baki ya ce na gaji, don a wurinmu faɗin haka daidai yake da fita kasuwa ba riga. Babu kuma mai ƙarfin halin kallon maƙwabcinsa ya ce karɓi, ya zama naka. Ƙofar fita ɗaya ce tak: ka sami mai kunya, ka ce ya riƙe maka na sati biyu, ka hau mota. Kowa ya san wannan, kowa kuma yana yin kamar bai sani ba.

Cyril manomin tuffa ne, mutum mai haƙuri, amma shi ma wani lokacin abin yakan kai masa wuya. Na taɓa jin sa yana cewa, “Ni fa mata biyu na aura, ke da muciyar nan, kuma ita ta fi ki iko a gidan.”

Ta ce, “To ka sake ta mana.”

Ya ce, “Ke ki fara.”

Suka yi dariya, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Baƙin nan ba su da lokaci. Wani ya zo tana wanka, wani tana tsaka da cin abinci, wani ranar Kirsimeti da kyamara a wuya. Akwai mai zuwa ya dawo da makulli bayan minti biyar ya ce, “Shi ke nan abin?” Akwai mai shiga ya zauna har la'asar, ita kuwa ba ta isa ta leƙa kanti ba sai ya fito. Shekaru suka koya mata gane ƙarar motar da ba ta gari ba tun daga kan gada. Kujerarta tana jikin taga, kuma ko hira kuke yi, ido ɗaya ne naka, ɗayan na hanya ne. Wata Alhamis ina busar mata da gashi ta ce, “Glenys, kin taɓa lura da Bitrus ɗin nan kuwa? Kowa na wucewa ta gabansa yana shiga. Shi yana nan bakin ƙofa tun da aka zana shi. Ko leƙawa bai taɓa yi ba, bawan Allah.” Na yi dariya a lokacin. Sai da na koma mota na gane ashe da kanta take.

Abu ɗaya take so a duniya, kuma ba ta taɓa ɓoye min ba: yayarta Beryl. Su biyu iyayensu suka haifa, gado ɗaya suka kwana har ranar auren Beryl. Ita Beryl ta auri wani mai gyaran injin jirgin ruwa, ya tafi da ita Tenby, bakin teku. Tun suna 'yan mata suka ƙulla cewa in mazajensu sun riga su tafiya, za su koma su ƙarasa rayuwa tare. Beryl ba da wasa take ba. Ta ware ɗaki a saman gidanta, mai kallon ruwa, ta shafa masa shuɗin fenti, ko baƙo ba ta sauke a ciki. Duk Lahadi bayan abincin rana take bugo waya, kuma kafin ta ajiye sai ta ce, “Ɗakinki na nan, Hilda.”

Za ka ce me ya hana ta tura makullin ƙarƙashin dutse ta tafi abinta? Ta taɓa yi. Lokacin bikin Sheila ne, 'yar Beryl. Ta saka shi ƙarƙashin tukunyar fure, ta bar rubutu a ƙofa, suka tafi da Cyril suka kwana biyu. Ta taka yashi ba takalmi, ta dawo hancinta ya ƙone da rana, tana ta dariya kamar yarinya. Da ta shiga coci sai ta tarar an guntule kan wani mala'ika na katako da ke jikin rufi tun zamanin da aka gina wurin. Da zarto aka yanke shi, ga garin katako nan a ƙasa.

Da ma wani ya zage ta. Da ma wani ya taso ya ce Hilda kin yi sakaci, ta ba shi amsa, a yi ta ta ƙare. Ina! Ai mu ba ma haka. Kowa ya zo ya ce, “Kada ki damu, Misis Preece, ba laifinki ba ne.” Wata ta kawo kek. Rabaran na lokacin ya dafa kafaɗarta ya ce irin wannan kan faru. Sai dai duk wanda ya shiga cocin, ɗan gari nake nufi, sai ya ɗaga kai ya kalli wuyan mala'ikan nan, ya sauke ido, ya yi gyaran murya. Shekara da shekaru ana wannan gyaran muryar. Daga ranar makulli bai sake barin hannunta ba sai zuwa hannun baƙo, kuma ba ta sake kwana a wajen Wenlow ba. Beryl ce ke zuwa, duk bazara, har ƙafafunta suka daina ɗaukar tafiya.

Mijin Beryl ya rasu, bayan shekara biyu Cyril ya bi shi. Da aka gama zaman makoki na ce mata, “To Anti, sai haɗa kaya.”

Ta ce, “Bari dai bazara ta wuce, baƙi sun yi yawa.”

Bazara ta wuce. Ta ce bari a gama kaka. Aka gama kaka, ta ce masu gyaran rufi za su zo. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya san ni. Wata Alhamis na ajiye almakashi na ce, “Haba Anti Hilda! Wai ke wa ya ɗaure ki ne? Ga sababbin mutanen nan da suka sayi gidan makaranta, matar ba ta san komai ba, kullum sai washe baki take tana cewa in akwai abin da za ta taimaka. Ki je ki faɗa mata maganar nan. Ba ta fi numfashi ɗaya ba.”

Ta daɗe tana kallon hanya. Sannan ta ce, “Kin ga tana da ciki kuwa?”

“Na gani. Sai me?”

“Ni ma haka nake lokacin da Mista Bufton ya zo, Glenys. Ina ta washe baki.” Ta gyara tawul ɗin wuyanta. “Shi da ya faɗa min, ya san abin da yake yi. Ya kalli idona ya faɗa. Na yafe masa, amma na daɗe ban yafe ba. Ba na so wata ta zauna jikin taga tana tsine min ina can ina kallon teku.”

Na ce, “To ni ki ba ni.”

Ta ce, “Ke? Ke da ba ki iya zama wuri ɗaya ko na shan shayi? Ɗauki almakashinki, 'yar nan, kin bar min kai rabi.”

Amma maganar ta shige ta. Da kaka ta sake zagayowa sai ta ce min ta yanke shawara: ba za ta yaudari kowa ba, za ta yi abin da ba a taɓa yi ba. A walimar kaka, gaban kowa da kowa, za ta miƙe ta ce ta gaji, ta ajiye makulli a kan tebur, gari ya san yadda zai yi da abinsa. Ta yi ta maimaita maganar a gabana kamar mai shirin jarrabawa. Na yi mata gashi na musamman ranar, ban karɓi ko sisi ba. Ta saka muciyar a babbar jakarta, kanta na leƙowa.

An ci naman alade da dankali, an sha giyar tuffa, yara sun yi waƙa. Na hango ta tana share hannu a siket, ta fara yunƙurin tashi. Sai Rabaran Ormsby, wanda ke kula da cocinmu da wasu shida, ya buga cokali a jikin kofi ya ce a saurara. Ya ce akwai wata baiwar Allah a cikinmu da ta shekara arba'in tana hidima ba ta taɓa ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Ya ce kowa ya san irin son da take yi wa cocin nan. Ya ce gari ya haɗa hannu a asirce. Aka yaye wani ƙyalle, sai ga allon tagulla yana ƙyalli, wanda za a kafa a jikin ƙofa a madadin tsohon na katako. An sassaƙa sunanta a ciki, zurfi sosai, yadda ruwan sama ba zai taɓa goge shi ba. Makulli yana wurin Misis Preece, gida mai koriyar ƙofa.

Aka ɗau tafi. Wasu har da hawaye. Aka ce ta yi magana.

Ta miƙe, hannunta na kan jaka. Ina kallon yatsunta a kan muciyar nan, ina cewa a raina faɗa, Anti, don Allah faɗa. Ta kalli allon, ta kalli fuskokin mutane. Ta ce, “Kai, har da ɗawainiya haka? Na gode. Na gode ƙwarai.” Ta zauna.

Na fita waje na shuri tayar motata har sai da yatsana ya kumbura. Abin da ya fi ƙona min rai, ba mugunta suka yi ba. Da gaske suke son ta. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana so, ita kuma ba ta taɓa ba su dalilin tambaya ba. Washegari na wuce na ga an riga an kafa allon da ƙusoshi huɗu.

A hunturun da ya biyo baya, wayar Lahadi ta fara canzawa. Anti Hilda ta ce min, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, wai Beryl ta tambaye ta ya Cyril yake da tuffarsa. Wata Lahadin ta bugo sau uku, kowanne kamar shi ne na farko. Daga baya Sheila ce ke bugowa, ta ce Mama na hutawa, Mama ta ɗan gaji, Mama tana ɗan mantuwa amma ba wani abin tashin hankali ba ne, kada Anti ta damu kanta. Ita ma Sheila 'yar ƙasar nan ce. In ɗan ƙasar nan ya ce maka ba abin tashin hankali ba ne, to ka nemi takalminka. Anti Hilda ta san haka sarai, amma ta riƙe maganar a yadda aka faɗe ta, don in ta yarda da abin da ke ƙarƙashinta sai ta tashi, in za ta tashi kuma sai ta faɗa wa wani maganar nan.

Ni na gaji da jira. Wata Alhamis ban ko shigo da kayan aikina ba. Na wuce kai tsaye bayan ƙofa inda take rataye shi, na cire, na rungume muciyar a ƙirjina.

Ta ce, “Glenys, mayar.”

Na ce, “Ban mayarwa. Ba ke kika ba ni ba, ni na ƙwace, babu alhakina a kanki. Motar ƙarfe goma na zuwa, za ta kai ki tashar jirgin ƙasa. Ina akwatinki?”

“Ba ki san abin da kike yi ba.”

“Na sani. Sati biyu ne.”

Sai da na faɗa na ji ashe maganar Mista Bufton ce ta fito daga bakina. Ta shiga ɗaki, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ashe a shirye yake, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Rigunan ciki duk sun ɗauki warin ajiya. A bakin hanya ta riƙe hannuna da ƙarfi ta ce, “Ƙofar tana cijewa in an yi ruwa, sai kin ɗaga ta kaɗan. Kada ki bari su taɓa bango. In na daɗe...”

Na ce, “Ki daɗe mana! Wa ke nemanki? Shiga mota.”

Na liƙa takarda a koriyar ƙofa mai nuna gidana. Kafin azahar na san me na ɗauko. Na soke gyaran gashin mutum uku. Wani mai gemu ya tsare ni a bakin ƙofa yana min bayanin shaiɗanun da na girma ina gani. Wata ta tafi da makulli ta daɗe har na fara hango zarto a idona, na bi ta da gudu, na tarar tana zaune tana kuka ita kaɗai a kan benci, na dawo a hankali. Rana ta biyu na kama kaina na jawo kujera jikin taga. Motata na fake a waje tana tara ganye. Amma duk da haka in na tuna Anti Hilda na can a ɗaki mai shuɗin fenti, ita da yayarta suna cin kifi da dankali a takarda suna gulmar mutanen Wenlow, sai in ji ko shekara goma ce zan iya. Na ƙudura a raina in ta bugo waya zan ce mata komai lafiya, ta yi zamanta. Na fara fahimtar yadda ake yin ƙaryar nan tamu, ashe ba wuya.

Ko sati ba a yi ba. Da yamma ne, ana yayyafi, aka ƙwanƙwasa. Na ɗauko muciya, na ɗora murmushi, na buɗe. Ita ce tsaye, da akwatinta, gashin da na saba gyarawa ya manne mata a goshi.

Na ce, “Anti! Lafiya? Beryl ce?”

Ta ce, “Tana nan da ranta. Tana cin abinci sosai.”

Na jawo ta ciki, na ɗora ruwan shayi. Ta ƙi cire kwat ɗinta. Ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

Can ta ce, “Ta yi min kirki ƙwarai, Glenys. Ta ce in zauna, ta sa Sheila ta kawo min kek. Ta tambaye ni daga ina. Na ce daga Wenlow. Sai ta yi murna, ta ce ai tana da ƙanwa a can, ko na san ta? Na ce Yaya, ni ce Hilda. Ta yi dariya ta ce a'a, Hilda ba ta iya zuwa, ita ce mai riƙe makulli.”

Na ajiye butar shayi.

“Na ce na zo, Yaya, na ba wani ya riƙe. Ta ce ba ki san Hilda ba ke nan, ba za ta taɓa yi wa wani haka ba.” Ta juya kofin a hannunta. “Kullum da safe sai mu sake gaisawa. Kullum sai ta ba ni labarina. Ta ce ƙanwarta ta fi kowa kyan gashi. Ta ce tana nan zuwa, in baƙi sun ragu.”

Na ce, “Ɗakin fa?”

“Na hau da akwatina daren farko. Tana ganina a kan matakala ta fasa ihu. Ban taɓa jin Beryl ta yi ihu irin wannan ba. Ta ce in sauko, wannan ɗakin Hilda ne, ba mai kwana a ciki sai ita. Sai da Sheila ta riƙe ta. A falo na kwana, kan doguwar kujera. Na dai leƙa shi sau ɗaya tana barci. Shuɗin yana da kyau. Irin wanda nake so ne.”

Kuka ya ƙwace min, ni da ba a taɓa ganin hawayena a garin nan ba. Ita ko ɗigo. Na ce ta koma, na ce irin wannan ciwon yana sakin mutum wani lokaci, wata rana za ta farka ta gane ta. Ta girgiza kai ta ce zamanta a can tayar wa Beryl da hankali yake yi, ta fi samun natsuwa in tana jiran Hilda.

Sai ta ajiye kofin, ta miƙo hannu.

Na ce, “Sati biyu bai cika ba.”

Ta ce, “Ba ni, Glenys.”

“Wallahi ban bayarwa. Ki huta ko na wata ɗaya ne. Ki je kasuwar Hereford, ki je sinima, ki shafa wa ƙofar banzan nan shuɗi!”

Ta ce, “In ta tambayi Sheila ina nake, ina so abin da za a faɗa mata ya zama gaskiya.”

Na miƙa mata. Ta karɓa ta rungume muciyar a hammata yadda ta saba, ta ɗauki akwatin da ɗaya hannun, ta ƙi in raka ta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ta tana tafiya a cikin yayyafi. Ta tsaya ta ɓalle takardar da na liƙa, ta ninke ta saka a aljihu. Kafin ta gama buɗe ƙofarta wata mota ta sauko daga kan gada, ba ta gari ba, ta rage gudu a gaban coci. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, sun sauka. Ta ajiye akwati a kan dakali, ta share fuskarta da hannun kwat, ta juyo.

Ta ce, “Sannunku da zuwa. Zanen kuka zo gani?”